Da wace jaka mutum zai zauna in ba shi da ɗaki a Yamai

Duk damina in na ga hotunan mutane tsaye cikin ruwa da ƙunshin kaya a ka sai hankalina ya tashi, don na san abin da ke jiransu bayan ruwan ya janye. Ana maganar abinci da tanti da magani, kuma daidai ne a yi, amma akwai wata damuwa da ba a cika faɗi ba wadda ni ta hana ni barci sosai lokacin da abin ya same ni: ɗan abin da ya rage maka cikin mi za ka sa shi, ina za ka aje shi in ka tafi aiki, wa zai tsare maka in barci ya sace ka. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda na bi, ko wani zai amfana.

Ni mutumin Adar ne, daga wani ƙauye cikin jihar Tawa, na zo Yamai biɗa kamar sauran ƴan uwa. Aikin gini nike, kwaɓa siminti da miƙa ma maso bulo. Ɗakin laka muke haya ni da wasu ƴan garinmu a Lamorde, can Harobanda hayin kogi. Farkon watan Satumba na 2020 kogin Isa, wato kogin Kwara, ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali daga 620 ma an shiga jan kashedi, shingen da ya tare ruwa ya fashe, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy, ko Saga da ke ɗayan gefen kogin ba ta tsira ba. Ɗakin laka kuwa kun san ba ya jure tsayuwar ruwa, ya jiƙa daga ƙasa ya zauna. Abin da na fitar na zuba shi cikin Ghana must go guda da buhun shinkafa guda, shi ke nan dukiyar.

Da farko lakkwal, wato makarantar boko, anka kai mu. Da watan Oktoba ya matso yara za su koma karatu sai anka fara kwashe mutane zuwa wuraren da anka kafa tantuna, kamar Hippodrome da sansanin Gamou. Masu iyali ake fara dubawa, ni ban ga laifin haka ba ko kaɗan, mai mata da ɗiya biyar ya fi ni buƙata. Kuma ni aikina yau Koira Kano gobe Banifandu jibi wani wuri, in na zauna sansani kuɗɗin mota kaɗai zai cinye abin da nike samu. Sai na shiga gari. Wani dare barandar masallaci, wani dare gindin shagon wani ɗan garinmu, daga baya mafi yawa cikin kangon da muke ginawa in mai gadi ya yarda.

To nan ne Ghana must go ta nuna mini iyakarta. Jaka ce ta tafiya, ka cika ta a ɗora bisa mota a sauke a tasha, ba jakar yawo da ita kullum ba ce. Hannuwanta sirara ne suna yanka yatsu, ba ta goyuwa, in ka ɗora a ka hannu guda ya tafi wajen riƙo. Zip ɗinta bai daɗe ba ya buɗe baki daga tsakiya. Mutane na ganin kamar leda ce ruwa ba ya shiga, wallahi yana shiga ta ɗinki da ta zip, kuma in ya shiga ba ya fita, kaya su yi ta warin ruma. Sannan abin da ya fi duka, tana tona asiri. Ka shiga shantiye, wato wurin da ake gini, biɗar aiki da ita a kai, kafin ka yi sallama an riga an san ba ka da wurin kwana, wani sai ya rage maka kuɗɗin yini don ya san ba za ka ƙi ba, wani kuma ya ji tsoron kar ka tare mishi a wuri. Na ga wannan da idona a fuskokin mutane.

Wani dattijo mai gadi ɗan wajen Buza, wanda ya daɗe a Yamai tun muna yara, shi ya zaunar da ni wata rana bayan la'asar ya ce in zazzage kayan duka bisa tabarma. Na zazzage. Ya duba ya ce, ɗana, kai kana yawo da ɗaki ne a ka, raba su, abin da in ya ɓace ka shiga uku ya zauna jikinka, abin da kake taɓawa kullum ya zauna bayanka, saura ka ba amana. Na ce Baba amanar wa, ya ce wannan kuma sai ka biɗa, garin ga cike yake da ƴan Adar.

Na fara da na jiki don shi ya fi tsorata ni. Katin ɗan ƙasa, takardar haifuwa, nasiyonalite, da ƴar takardar da nike rubuta lambobin mutanen gida. Wanda bai taɓa ɓatar da takardar haifuwa ba bai san wahalar ba. A lokacin, kati in ya ɓace ka je komisariya wurin ƴan sanda ka yi takardar shaidar ɓata sannan a sake maka, amma sai ka kawo takardar haifuwa, ita kuwa tushenta yana can merin, wato ofishin magajin garin, da anka rubuta ka, ni ke nan sai na kama hanyar Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tsarnawa har Tawa, fiye da kilomita 500, kuɗɗin mota zuwa da dawowa ga kwanakin da ba aiki. Don haka na yi hotokopi na kowace, na kai anka buga musu hatimi, na ɗauki hotonsu da salula na tura ma ƙanena ta WhatsApp ya aje. Na asalin na naɗe su cikin leda biyu, ta ciki bakinta na kallon ƙasa ta waje na kallon sama, sai na kai ma wani baduku ɗan Tawa ya ɗinka mini ƴar jakar fata shimfiɗaɗɗiya da igiya, ina rataya ta ƙarƙashin riga ta gefen hammata. Ledar dole ce, ba don ruwan sama kaɗai ba, zufa ta fi ruwan sama cin takarda, musamman ga mai aikin ƙarfi. Lokacin aiki nikan ɗaure ta a ƙugu cikin wando don kar ta riƙa lilo. Da ita nike kwana, wurin wanka ma ina shiga da ita in rataya a ƙusa inda idona ke gani.

Kuɗɗi kuma ban yarda su kwana jikina da yawa ba. In an biya mu ƙarshen sati nikan cire na abinci, saura in kai Nita, kamfanin aika kuɗɗi, in aje ko in tura gida. Ɗan abin da ake cirewa na aikawa bai kai zafin a yanke maka aljihu cikin dare ba.

Sai jakar baya. Nan na ɓata lokaci sosai kuma ban yi nadama ba. Na zagaya Babbar Kasuwa da Wadata na ga sababbi masu sheƙi, masu araha, na ja hannun guda da ɗan ƙarfi na ji zaren yana ƙara, na aje. Araha ba ta ado. Wurin ƴan bosho, masu saida kayan gwanjo, na samu wadda ta yi mini, tsohuwa ce amma yadinta mai kauri. Ga yadda na riƙa dubawa, don mai sayarwa ba zai faɗa maka ba: ka juye ta ciki waje ka kalli inda hannuwan goyo sunka haɗu da jiki, nan take fara mutuwa. Ka ɗaga gindinta ga rana, in haske na ratsowa ta ci ƙasa ta gaji. Ka ja zip sama da ƙasa sau da yawa, mai manyan haƙora ya fi, ƙananan haƙora ƙurar hunturu na kashe su. In cikin yana ɓarewa yana zubar da wani farin gari to rufin da ke tare ruwa ya ƙare. Kuma na zaɓi mai duhun launi marar rubutu, matsakaiciya irin ta ƴan makaranta, ba irin dogayen nan na masu yawon duniya ba, don duk girman jaka sai ka cika ta, kuma babba na jawo ido, mai gadi ya tambaye ka, ɗan sanda ya tambaye ka, ɓarawo ma ya sa maka ido. Da matsakaiciya kuwa ka shiga faba-faba, ƙananan bas ɗin haya na cikin gari, ka ɗora bisa cinya ba mai cewa ka biya kuɗɗin kaya, ka shiga masallaci ka aje gabanka ka yi salla ba wanda zai waiga.

Kafin in sa mata komi na kai ma mai gyaran takalma ya bi hannuwan da gindin da zaren nan mai kauri na takalmi, ya ƙara ɗan ƙyallen fata inda ke gogar ƙasa. Zip ɗin kuma ina goga mishi kyandir lokaci lokaci, yana tafiya sumul. Ciki na zura babbar baƙar leda mai kauri, kaya na shiga cikin ledar ne sannan in murɗe bakinta, don ko wace irin jaka ce ruwan Yamai na watan Agusta da Satumba in ya zo da iska sai ya ratsa.

Wata jaka mai taya wani ya so ya ba ni kyauta, na yi godiya na bar mishi. Ban da manyan tituna masu kwalta, unguwanninmu rairayi ne da jar ƙasa da kwata, taya ba ta juyawa, sai dai ka ja ta tana huɗa.

Abin da ke ciki bai da yawa. Tufafin aiki suna jikina, kaya masu tsabta kala guda naɗe cikin tasu leda don Juma'a da zuwa wurin mai ba da aiki, waɗannan ba na taɓa su haka kawai. Sabulu cikin gwangwani, soso, asuwaki, ƙaramin tawul, tocila, caja, cokali, kofin roba, allura da zare, igiya. Buta na ɗaure ta waje. Da sange, wato gidan sauro. Maganar sange ina so in ja kunnen duk wanda ya samu kanshi a wannan hali, kar ka bar shi don ya cika maka wuri. Bayan ambaliya ruwa ya kwanta ko'ina, Satumba da Oktoba sauro ba a magana, kuma wanda ke kwana waje in masassara ta kada shi ba mai jinya, ba aiki, ba kuɗɗin magani, kayan ma ba ya iya tsarewa. Na ga yaro ɗan wajen Keita da zazzaɓi ya kwantar a baranda, kafin ya farfaɗo an ɗauke mishi salula da takalmi. Sange in ka naɗe shi tam ka ɗaure da roba bai fi ƙunshin goro ba, igiya huɗu da ƙusa biyu ko bulo sun ishe ka kafa shi cikin kowane kango.

Roba da nike faɗi ita ce ta cikin tayar mashin da ake yankawa zare zare, a kasuwar Katako ana saida ta, ko ka roƙi mai faci ya ba ka tsohuwa ka yanka da kanka. Ba abin da ya kai ta amfani. Da ita nike ɗaure tabarma ƙarƙashin jaka, tabarmar leda mai ninkuwa, don ta kaba ta fi daɗin kwanciya amma ba ta ninkuwa kuma in ta jiƙa sai ta yi baƙi.

Da dare jaka ita ce matashi, zip ɗin na kallon ƙasa, hannu guda na zura cikin hannun goyon. Takalmi ƙarƙashin tabarma wajen kai. Salula cikin jakar fata tare da takardu. Masu yankan jaka da reza suna aiki, shi ya sa ba na sa komi mai daraja a aljihun waje, in sun yanka su samu soso. Caji kuwa wurin mai caji guda nike kaiwa kullum, dala 20, har ya san ni ya san salulata, ya fi ka riƙa miƙa ma duk wanda ka gani.

Saura kaya, wato bargo, babbar riga ta salla, tukunya, ƴar rediyo, yadin da na saya ma innata ban kai ba, su ne na amana. Na fara sa su cikin kwali a shagon wani ɗan garinmu mai saida hatsi, da na zo dubawa gara ta fara cin gindin kwalin, ɓera kuma ya shiga. Sai na tafi Katako. Wanda ya san Katako ya san gefen maƙera inda ake bugun ƙarfe tun safe, kunne har ya toshe, suna yanka tsohuwar tol da gangunan ƙarfe suna fitar da murhu da baho da akwati. Na tsaya na kalli yadda wani ke lanƙwasa bakin akwati bisa guntun ƙarfen jirgi yana bi da guduma a hankali har ya kwanta. Na ce Malam ina son wanda marfinshi ke rufe baki ya sauko, ba wanda ke zama daidai da daidai ba, don ƙura da ruwa. Ya nuna mini, na danna marfin da tafin hannu na ji bai lotsa ba, na duba pata da wurin kwaɗo ko an yi musu ƙusa mai kyau, don kwaɗo komi tsadarshi in wurin rataya shi na banza ne da sukurdireba ake ɓalle shi. Munka yi ciniki na biya, na sa ya ƙara wurin kwaɗo na biyu. Ciki na shimfiɗa buhu, na sa ganyen bedi, wato dogon yaro, busasshe saboda ƙwari, na ɗora akwatin bisa bulo biyu kar ya taɓa ƙasa ya yi tsatsa. Abu guda, kar a sa magani ko batir ko wani abin roba mai narkewa ciki, ƙarfe ne, in zafin Afrilu da Mayu ya zo da ake wuce digiri 40 cikin akwatin wuta ne.

Wajen ba da amanar ma akwai tsari. Na buɗe akwatin gaban Alhaji mai shagon da yaronshi sunka ga abin da ke ciki, sannan na rufe na riƙe makulli. Ba don ina zarginshi ba, don zuciyar kowa ta kwanta ne, shi ma ya ce haka ya fi. Na ce Alhaji nawa zan riƙa bayarwa, ya ce haba ɗan uwa, kai da ruwa ya ci. Duk da haka in mota ta kawo buhuna ina kusa nikan kama musu saukewa. Kuma na kiyaye ban riƙa zuwa kullum ina buɗewa ina rufewa lokacin ciniki ba, sau guda a sati ranar da nike wanki, don wanda ya yi maka alheri bai kamata ka zame mishi nauyi ba. Wannan ya sa dole ka yi lissafi tun wuri, shago na rufewa da dare, abin da ka manta ciki sai gobe. Da sanyin Disamba ya shigo na fiddo bargo na maida sange cikin akwati na ɗan lokaci, jaka ba ta ɗaukar su biyu tare, sai bargon ya koma naɗe cikin tabarma.

Abin da ban yi tsammani zai yi amfani haka ba shi ne bokitin fenti mai marfi, irin babban nan da masu fenti ke yarwa in sun gama. A shantiye na samu, na kankare na wanke. Marfinshi na kamawa gam, ruwa ba ya shiga, ɓera da kyankyaso ba sa shiga, gari da sukari da ƙuli-ƙuli da ɗan gero na kunu duk ciki. Kujera ce in za ka zauna, bokitin wanka ne, na wanki ne, kuma lebura riƙe da bokitin fenti ba wanda zai kalle shi sau biyu. In zan daɗe a shantiye guda nikan bar shi wurin mai gadi. Da a ce kuɗɗin mutum bai kai na akwati ba, ni zan ce ya fara da leda da jakar takardu, sai wannan bokitin, jakar baya ta biyo.

Duk wannan da nike faɗi na namiji ne mai lafiya shi kaɗai. Matan da munka zauna da su a lakkwal nasu ya fi namu nesa ba kusa ba. Goyo a baya, to ina za a goya jaka. Ƙunshin zane ne a ka, baho cike da tukwane, yaro a hannu, ga takardun haifuwar yara da katin awo da na allura waɗanda in sun jiƙe karatun yaro ma na iya tsayawa. Na ga wata baiwar Allah tana shanya takardun ɗiyanta ɗaya bayan ɗaya bisa tebur ɗin aji tana danne su da duwatsu, tawadar duk ta zube. Masu kai taimako don Allah ku riƙa haɗawa da bokiti mai marfi da leda mai kauri da kwaɗo, ba su da tsada, kuma shinkafar da kuka kai ma sai da inda za a rufe ta.

Wajen ƙarshen sanyi munka haɗa kai da wasu ƴan garinmu biyu munka samu ɗaki a Bukoki, nesa da kogi. Mai gidan ya ce sai kuɗɗin wata uku gaba, na je na ciro abin da na tara munka cika. Kafin in biya na zagaya bayan ɗakin na duba gindin bango da inda ruwan unguwar ke bi, na tambayi maƙwabta ko yana shiga gidaje, sunka ce sai dai ya tsaya a titi. Akwatin mai baro na ɗauka ya kai mini daga shagon Alhaji, na ɗora shi bisa bulo a ɗakin ma, takardun kuma har yanzu suna cikin ledarsu biyu, hotokopin na wurin ƙanena a gida.